Kujerar da Na Ƙi Fitarwa

Jiya ina jin ku a bakin sito kuna ta ƙyaƙyata dariya, wai aikin Baba Tanko ai ko makaho ya yi shi: ka kafa ƙarfe, ka ja tampol, ka zube kujeru, ka koma inuwa ka jira a watse. To madalla. Ku matso nan, ku kife wayoyin nan, yau ba mu da fita sai bayan la'asar. Kai mai jar riga, sauka daga kan tarin kujerun nan. Ba a zama a kan tari, ƙafar ta ƙasa ce ke karyewa.

Tun kafin iyayenku su yi aure nake wannan sana'a. A nan Treichville ta birnin Abidjan in ka ce Tanko kawai, za a tambaye ka wanne, amma in ka ce Tanko Mai Bash, ko mai sayar da aceke, dambun rogon nan, da kifi a bakin titi zai nuna maka ƙofata. Bash dai ita ce wannan rumfar tampol da muke bayarwa haya. Gidajen unguwarmu ta Biafra kun san su, tsakar gida ɗaya iyali barkatai, babu inda za a shimfiɗa wa baƙo tabarma. Saboda haka suna a titi ake yi, ɗaurin aure a titi, zaman makoki a titi, siyasa ma a titi. Mu ne muke yi wa titin rufi, mu ba mutane abin zama.

Daga Daura na zo ina saurayi, na biyo kawuna mai fataucin goro. Goro bai karɓe ni ba, sai kawu ya gaji ya kai ni wurin wani dattijo ɗan ƙabilar Jula mai suna Bakari, mai hayar rumfa a bayan kasuwar Adjamé. Na zaci ranar farko za a ba ni ƙarfe in hau sama. Ina! Bokiti aka miƙo mini da burushi da sabulu. Na yi ta wankin kujeru har tafin hannuna ya yi fari fat. Bakari ba ya jin Hausa sai ta ciniki, ni kuma ba Julanci ba Faransanci, don haka da sandarsa yake koya mini aiki. Kowace kujera sai na danna tsakiyarta da gwiwa na kasa kunne. Mai tsaga tana yin wani ɗan kuka. In ba ka ji ba ka kai ta taro, ita da kanta za ta zaɓi Hajiyar da ta fi kowa jiki da kwalliya ta zubar da ita a tsakiyar jama'a, kuma daga ranar sunanka ya ɓaci a wannan dangi har jikoki.

Aikin farko da ya tafi da ni sadakar arba'in ce a wani lungu bayan 'yan goro, inda mota ba ta shiga. A wotoro muka loda ƙarafa, wannan amalanken katako da ake turawa. Muna isa na fara sauke kaya da zafi-zafi, sai Bakari ya buga sanda a ƙasa. Ya ɗaga kai ya kalli rana, ya kalli ƙofofin gidaje, ya kalli kwata. Sai daga baya na gane abin da yake dubawa. Yana neman inda rana za ta faɗa da la'asar don kada ta daki idon malamai, da ta inda mata za su wuce da tukwane ba tare da sun ratsa maza ba, da ƙofar maƙwabcin da ba a gayyata ba, wanda in ka toshe masa hanya zai fito ya kwance maka igiya. A kan kwalta ba a buga turke, sai tsohuwar taya cike da siminti a gindin kowane ƙarfe, domin iskar da ke tasowa daga bakin ruwa in ta shiga ƙarƙashin tampol da ƙarafan duka take ɗagawa.

A wannan lungu ne wani ƙanen mamacin, mai kuɗi da murya, ya zo yana ta ba da umarni a mayar da malamai baya a kawo abokansa gaba. Bakari ya saurare shi har ya gama, sannan ya juya wurin babban ɗan mamacin ya ce, “Taron naka ne. Kai me ka ce?” A hanyar komawa ya sa wani ya fassara mini cewa duk inda aka kira ka, ka fara sanin taron na wane ne. Mai taro ne ke faɗin inda kujera za ta zauna, ba wanda ya fi kowa murya ba. Abin da na gada a wurinsa ke nan, sai guduma ɗaya da har yanzu tana cikin akwatin can.

Da na tsaya da ƙafata na dawo Treichville, mutumin da ya fara ba ni babban aiki shi ne Alhaji Gambo, shugaban mahautan unguwarmu, wanda kowa ke ce wa Sarki. Bikin 'yarsa ta fari ni na rufa. Daga nan duk wani suna da aure da makoki na mahauta da dillalan shanu ya dawo hannuna, kuma mahauta mutane ne masu son taro. Rabin abincin gidana daga wurinsu yake fitowa. Shi kuma Sarki ya zame mini kamar wa, duk Juma'a in an sauko daga masallaci a ƙofarsa nake zama. Ku riƙe wannan da kyau, don ku san abin da na yi kasadarsa daga baya.

Aikin siyasa ya fi kowane aiki tsoka, ya kuma fi kowanne ƙaya. Ga abin da ba ku sani ba: taron siyasa ba a jera masa kujeru duka. Kujerar da ba kowa a kanta a layin gaba ta fi zagin abokin hamayya yi wa ɗan takara illa, domin ita mai hoto zai ɗauka. Sai ka jera kaɗan, ka ɓoye sauran a bayan rumfa, mutane na zuwa kana ƙarawa, a ga kamar wuri ya yi kaɗan. In ka ga jama'a ba za su zo ba, ka tsuke rumfar tun da wuri. Da safe in kafa wa wannan jam'iyya, da yamma in kafa wa waccan, kujerun ɗaya ne, hotunan da suka manna kawai muke kankarewa da ruwan zafi. Ni ko katin zaɓe ba ni da shi, takardata ta baƙo ce. Da yawa daga masu cika mini kujeru ma haka suke, riga da burodi suka kawo su. Masu kati su ne waɗanda suka samu takardar ƙasa, da 'ya'yansu irinku masu rabin Hausa rabin Faransanci.

To, shekarar da nake son ba ku labarinta, depitenmu, wato ɗan majalisar da ke wakiltarmu, Allah ya yi masa rasuwa wa'adinsa bai cika ba, aka ce za a yi zaɓen cike gurbi. Irin wannan zaɓe daban yake. A babban zaɓe manya sun warwatsu ko'ina cikin ƙasa, amma a wannan kujera ɗaya ce tak, sai duk su zubo mana unguwa da manyan motocinsu. Jama'a kuwa sun gaji da zaɓe, ba su fita sosai. In masu fita kaɗan ne, duk ƙungiyar da ke jefa ƙuri'a baki ɗaya ta zama amarya, kowa na zawarcinta. Akwai matan goro da na atamfa masu kwana a Treichville su yi kasuwa a Adjamé, akwai direbobin tasi na unguwa, akwai mahauta. Mahauta suka fi kowa tsada, domin su in an ce dama, to dama ce, har matansu da masu riƙe musu tebur.

'Yan takara uku ne masu ƙarfi. Sunan jam'iyya ba zai fito daga bakina ba, har gobe ina neman aiki a wurinsu. Jam'iyyar marigayin ta kawo wani lauya daga unguwannin masu hali, mutum mai fara'a, amma ko hanyar Biafra bai sani ba sai da direba. Ɗaya jam'iyyar ta tsayar da wata malamar makaranta, Madam muke ce mata, mai baki kamar reza, sai dai mutanenta sun rabu, wasu na cewa a shiga zaɓen wasu na cewa a ƙaurace masa. Na uku shi ne Dokta Isufu mai kantin magani a unguwar Arras, mahaifiyarsa 'yar goro ce a Adjamé. Shi ma ɗan jam'iyyar marigayin ne, ya nemi a tsayar da shi aka ƙi, ya yi fushi ya tsaya da kansa, indipenda.

Mahauta suna da wata al'ada tun kafin zuwana. Akwai wata kujerar katako mai kushin da hannuwa, ƙungiya ce ta saya ta ba ni ajiya. In zaɓe ya matso sai a kira 'yan takara rana ɗaya a ƙofar gidan Sarki. Su zauna a kujerar roba suna fuskantar dattawa, kowa ya faɗi abin da ke tafe da shi. Dattawa su shiga gida su yi shawara. In bakinsu ya zo ɗaya sai a aiko mini, “Tanko, kawo kujera.” In ɗauko ta in ajiye a hannun daman Sarki, a taso wanda aka zaɓa a zaunar da shi. Shi ke nan, ba jawabi ba takarda, kowa ya san inda ƙuri'ar mahauta ta nufa. Kuma a wurinsu baƙon da ya riga ya zauna ba a ce masa tashi, wannan abin kunya ne da ba ya wankuwa.

Ana saura 'yan kwanaki taron, da hantsi ina nan ina ɗinkin tampol, sai ga Alhaji Mamuda. Shi ne mutumin jam'iyyar lauya a unguwa, haifaffen Biafra, a gabana ya girma, kuma duk aikin taronsu ta hannunsa yake zuwa mini. Muka gaisa, ya ja kujera ya zauna, ya rage murya.

“Malam Tanko, ranar Lahadi in ka gama kafa rumfa, ka ajiye kujerar nan kusa da Sarki tun da wuri. Lauya zai riga kowa zuwa.”

Na ce, “Dattawa sun zauna ne ban ji ba?”

Ya ce, “Za su zauna mana. Sauƙaƙa musu kawai za mu yi.”

Nan take na gano dabarar. Lauya zai iso, Mamuda ya kama hannunsa ya kai shi kan kujerar, ya zauna. Wane ne zai tashe shi? Kafin dattawa su shiga ɗaki an gama musu shawara.

Na ce, “Mamuda, kujerar nan ba tawa ba ce, ba kuma taka ba ce.”

Ya yi dariya. “Haba Malam Tanko! Katako ne fa da soso. Kai da ko ƙuri'a ba ka da ita, me ya yi maka zafi?”

“Zafin allurar nan kaɗai nake ji,” na ce, na ci gaba da ɗinkina.

Sai ya sha mur ya miƙe. “Ka dai tuna wa ke ba ka aiki. In kuma ni ne ba ka yarda da ni ba, je ka tambayi Sarki, da saninsa na zo.”

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta kashe mini jiki. Bayan azahar na taka zuwa gidan Sarki, na same shi shi kaɗai a zaure da carbi a hannu.

“Ranka ya daɗe, gaskiya ne abin da Mamuda ya faɗa mini?”

Bai kalle ni ba. Ya ce, “Tanko, teburanmu nake tsoro. Ka ji raɗe-raɗin da ake yi, za a tashi masu nama daga bakin hanya a kai su can baya inda ko kare ba ya bi. Mutanen lauya sun ce za su tsaya mana. Samarinmu kuwa sun haukace a kan Dokta. In na shigar da maganar ɗaki, Habu zai ja ta har gobe.” Habu shi ne wakilin samarin mahauta a cikin dattawan, magidanci ne mai taurin kai. Sarki ya ci gaba, “Dokta ba shi da kowa a sama. In ya ci, wa zai saurare shi? In ya faɗi muna bayansa, mun shiga uku.”

Na ce, “Maganarka da hujja, ranka ya daɗe. Ka faɗa musu ita a ɗaki, wataƙila su bi ka. In suka ce kawo, wallahi a guje zan kawo.”

“Ni na ce ka kawo.”

“Da suna ne a gidanka, ko aurar da 'ya, ko a kan rufi ka ce in ɗora ta zan ɗora. Amma wannan taron ƙungiya ne.”

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. Ya ce, “Tun yaushe kake zama a ƙofar nan?”

Na ce, “An jima.”

Ya ce, “To je ka yi tunani.”

Na fito, kuma ba zan ɓoye muku ba, tsoro na ji. Na san in na ƙi, aikin jam'iyya ya tafi, gidan Sarki ya tafi, kuma na biyun ya fi yi mini ciwo. Ku fahimce ni, ba don Dokta nake yi ba, ko maganin ciwon kai ban taɓa saye a kantinsa ba. Da a ni ne ma, hujjar Sarki ta fi shiga kaina. Abin da na duba shi ne, dattawan nan sun ba ni ajiyar kujerar ne don sun san ba ta fita sai sun ce. In na fitar da ita sau ɗaya a kan ƙarya, daga ranar duk wanda ya ga Tanko ya ajiye kujera sai ya tambaya wa ya saye shi.

Ranar Lahadi tun da safe muka rufe titin. Na jera kujerun dattawa bayansu ga rana, na bar wa mata hanya ta gefen famfo. Kujerun 'yan takara da hannuna na zaɓo su, launi ɗaya, tsawo ɗaya, na danna kowacce da gwiwa, na jera su daidai don kada a ce wata ta fi wata matsowa gaba. Kujerar kushin kuwa na bar ta a sito, na datse kwaɗo, na jefa mabuɗi a aljihu.

Mamuda ya iso ya duba hannun daman Sarki ya ga wayam. Ya matso kusa da ni yana magana ƙasa-ƙasa, har yawunsa na taɓa mini kunne. Na yi kunnen uwar shegu na ci gaba da ɗaure igiya. Da ya ga haka sai ya tura mutum biyu gidan wani maƙwabci su ɗauko kujerar falo. Suna fitowa da ita a ka, wani tsohon dillalin shanu da ba ya ji sosai, don haka ba ya iya magana a hankali, ya ɗaga murya ya ce, “Kai, wa ke ƙaura yau Lahadi?” Rumfa ta kwashe da dariya. Mutanen nan suka yi tsaye da kujera a ka, sannan suka juya suka mayar da ita inda suka ɗauko.

Lauya ya iso, ina jin shi bai ma san me ake ciki ba, ya gaida kowa ya zauna a roba. Madam ta zo, Dokta ya zo. Lauya ya yi alkawura masu daɗi ta bakin tafinta. Madam ta yi magana a kan tsadar rayuwa har ana tafi, amma masu tafin rabinsu ba su da niyyar fita zaɓe. Dokta ya yi tasa Hausar ta Abidjan mai faci da Faransanci, ya ce da huhun goro aka biya masa makaranta, samari suka ɗauki ihu. Daga nan dattawa suka shiga gida. Ni kuma na tsaya a bakin ƙofa, hannuna a kan mabuɗi, ina jiran a ce kawo. Muna jiyo muryoyi na tashi, ta Habu ta fi kowacce. Aka yi la'asar ba su fito ba. Can sai ga Sarki, fuskar nan a ɗaure, ya tsaya bai ko zauna ba ya ce, “Bakinmu bai zo ɗaya ba. Kowa ya bi zuciyarsa.” Ba a taɓa jin haka ba a wurin mahauta. Ya wuce ta gabana, rigarsa har tana gogar tawa, bai dube ni ba.

Ranar zaɓe makarantun da ake jefa ƙuri'a sun yi shiru, masu aiki na ta hamma. Tsofaffin mahauta suka bi lauya, samari suka bi Dokta. Matan goro suka rufe huhunsu da rana tsaka suka ciko motoci daga Adjamé saboda mahaifiyarsa. Direbobi suka rabu. Mutanen Madam da yawa suka zauna a gida. Da aka ƙirga, Dokta ya ci da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, lauya na bin sa, Madam can baya. Kowa ya san da mahauta sun bi lauya baki ɗaya, da shi ne depite.

Daga nan na shiga muguwar shekara. Mamuda ya koma ɗauko rumfa daga unguwar Marcory. Wannan na yi tsammaninsa. Amma ranar da na wuce ta ƙofar Sarki na ga ana kafa rumfar wani don auren ɗansa, wallahi sai da na nemi wuri na zauna. Tsofaffin mahauta duk suka bi shi. Damina ta sauka, tampol a naɗe ba aiki, sai ya fara fumfuna, kullum sai na warware shi na shanya na sake naɗewa ba don kowa ba. Ma'aikatana suka kama gabansu ɗaya bayan ɗaya, ban kuma ga laifinsu ba. Na sayar da motar ɗaukar kaya, na koma hayar wotoro ina bin sa a ƙafa da furfurata. 'Yan ƙananan sunaye na samarin mahauta da bukukuwan matan goro su suka riƙe ni. Aikin da a da zan tura yara, da kaina nake zuwa in kafa, in kwance, in wanke kujerun kamar ranar da na fara.

Shi Dokta bai taɓa sanin an yi ba, ni kuma ban je na faɗa masa ba. Shekara ba ta zagayo ba ya koma jam'iyyar da ya baro, aka yi ta yawo da hotonsa sun rungume juna da Mamuda. Tabɗi! Habu ya yi kwanaki ba ya fitowa majalisa. Teburan nama kuwa aka tashe su aka kai baya, kamar yadda Sarki ya ji tsoro. Ko lauya zai iya hanawa, Allah kaɗai ya sani, amma a bakin tsofaffi Tanko ne ya jawo. Tun daga lokacin mahauta ba su sake jefa ƙuri'a baki ɗaya ba, 'yan takara ma suka daina yi musu layi. Wannan yana damuna har yau. Amma ko gobe aka sake zuwa mini da waccan magana, amsar da na ba Mamuda ita zan bayar.

Da babban zaɓe ya zo aiki ya yi wa mutanen Marcory yawa, sai ga 'yan siyasa sun dawo, har shi Mamuda, yana ta “Malam Tanko, Malam Tanko” kamar ba a yi komai ba. Su ba su da riƙo, in dai da abin da suke nema. Sarki ne ya riƙe. Ban fasa zuwa gaida shi ba, zai amsa sallama, ya tambayi iyali, ya koma kan carbinsa. Na ce wata rana zai huce. Ciwo ya riga hucewar, ya kwanta, a wata damina Allah ya karɓi abinsa.

Na aika wa babban ɗansa cewa rumfunana da kujeruna duka suna nan, kyauta, har a yi bakwai. Aka dawo mini da cewa an gode, an riga an yi magana da wasu. To, ranar addu'ar uku na sa babbar riga na je a matsayin mai ta'aziyya, na zauna a layin baya a ƙarƙashin rumfar wani. Ina ɗaga kai na ga sun kafa ta a miƙe, gaba da baya tsawo ɗaya, babu gangaren da ruwa zai bi. Na kau da kai na ce ba aikina ba ne.

Malamai sun fara karatu ke nan sama ta tsuge. Tampol ya fara tara ruwa, ya yi tumbi daidai kan liman da 'ya'yan mamacin, ƙarafa na lanƙwasowa ciki. Masu rumfar sun tafi neman mafaka, babu ko ɗayansu. Mutane na ta ɗaga kai, wasu sun fara tattara riguna za su gudu a bar addu'a a tsakiya.

Na miƙe, na naɗe babbar rigata a kafaɗa, na fizgi wani katako a gefen kwata, na tokari tumbin a hankali na kora ruwan ta wajen titi. Na fita cikin ruwan na sauke ƙarafan baya ƙasa kaɗan, na kwance igiyoyinsu na sake ɗaurewa ɗaya bayan ɗaya, na ja tampol ya miƙe. Ruwa ya samu hanya ya bi bayan rumfa ya zube a kwata. Liman bai ko katse karatu ba. Na dawo kujerata sharkaf, ruwa na ɗiga daga hulata, na ɗaga hannu tare da kowa har aka shafa. Babu wanda ya ce mini sannu, ni ma ban jira ba. Shi ne aikin ƙarshe da na yi wa Alhaji Gambo, kuma ba a ba ni shi ba, ni na ɗauka.